Baba Tanimu Mai Sauraren Gini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2024, da hantsi, ana tsakiyar shanyar masara a Tudun Maitama, Allah Ya karɓi ran Baba Tanimu magini, wanda ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua suka fi sani da Mai Sanda. Ya cika a zaurensa, a zaune, ya jingina da bango, sandar nan tasa ta kirya tana kan cinyarsa. Ya haura shekara tamanin. Ba wanda ya rubuta ranar da aka haife shi, sunansa ne kawai ya adana mana cewa Litinin ce, ga shi kuma Litinin ya koma. Ɗansa Mahadi ne ya kira ni a waya ina gona. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Ni Almustapha ne, tsohon malamin Turanci. Cikin masu makokin nan babu wanda ya kai ni nauyi a zuciya, domin akwai maganar da na faɗa a kan mamacin a gaban jama'a shekara goma sha uku da suka wuce, maganar da ta taɓa addininsa da sunansa, kuma har ya bar duniya ban tsaya a gaban jama'ar nan na janye ta ba. Don haka wannan takarda ta'aziyya ce, kuma gyaran ɓarna ce. Ku yi haƙuri da ni in fara da faɗin ko wane ne shi, don yaran yanzu sun san shi ne kawai a matsayin tsohon kurman da ke zama bakin zaure.

Baba, bari in yi magana da kai kai tsaye, yanzu da ba sai na ɗaga murya ba.

An haife ka a wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan rafin garinmu, gidan masu gina rumbu. Duk wanda ya san mutanen nan ya san ba a haɗa su da kowa wajen rumbu. Mahaifinka ya koya maka cuɗa ƙasa da ɗora ta, sannan ya koya maka abin da bai iya koya wa sauran 'ya'yansa ba, wato ka ƙwanƙwasa gini ka saurari abin da zai ce. Kana da kimanin shekara talatin ka musulunta, ka dawo cikin gari, ka yi karatu a zauren mahaifin Limaminmu na yanzu har ka sauke. Ba ka yanke zumunci da 'yan'uwanka ba. Duk kaka kana can kana taya su ɗaurin dami, su ma duk Sallah suna nan sun kawo maka kaji. Abin da ka taho da shi daga gidanku sanda ce ta kirya, kamu biyu, kanta ya yi sulɓi don riƙo. Kakan buga gefe ɗaya a jikin abu, ka manna ɗaya gefen a bayan kunnenka, ka lumshe ido.

Mun tashi mun tarar a garinmu ba a zuba hatsi a rumbu sai ka zo ka ji shi. Da an gama girbi za ka bi gida gida, ka zagaya rumbu kana bugawa tun daga gindi har wuya. Wani ka ce a zuba. Wani ka tsaya wuri ɗaya, ka zana da farce, ka ce gara ta shiga ta nan, a fasa a sake yaɓewa. A fasa kuwa a same ta. Ladanka kofin kunu ne, in an matsa maka ka karɓi goro. Matan gari ba sa sayen randa a kasuwar Malumfashi in sun san kana kasuwar, sai sun nemo ka. Masu tukwane suna ganin ka tafe sai su fara janye wasu zuwa bayan rumfa, kana yi musu dariya kana cewa ai waccan da aka ɓoye ita kake son gaisawa da ita. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta yi shekara ashirin da shida da randar da ka zaɓar mata, ita ta riga randar tafiya.

Na taɓa ganin ka a bakin injin niƙan Awaisu, kana wucewa ne kawai da fartanya a kafaɗa, ka ja ka tsaya. Ka ce masa ya kashe injin, akwai abin da ke kuka a ciki. Awaisu ya ce Baba, inji ai duk kuka ne. Ka ce wannan kukan na ciwo ne. Da bakanike ya zo daga Danja ya kwance, sai ga boris, ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, ya tsage. Na kuma ga 'yan kasuwar masara na Funtua, masu na'urar auna laima a aljihu, suna zuba tiya guda a ƙwarya a gabanka don ka ce ta bushe ko da saura. Kakan sa a sake zubawa sau biyu, sannan ka ce a ƙara mata rana ɗaya. Ba ka taɓa nuna cewa abin mamaki ne ba. Kullum cewa kake kowa yana da kunne, haƙurin tsayawa ne ya yi ƙaranci.

Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci, kuma in za a ƙirga, kalmar da na fi furtawa a aji ita ce noyis. Da ita nake tsawa, da ita monita ke rubuta sunayen masu surutu a allo. Wata rana a inuwar ɗorawar ƙofar gidanka, don in nuna maka ni ma na san wani abu game da ji, na bayyana maka ita. Na ce Turawa sun tara abubuwa da yawa a cikin kalmar nan: ƙara marar daɗi, hayaniyar kasuwa, surutun yara, har da shuuu ɗin nan da rediyo ke yi ya hana ka jin labarai. Duk abin da kunne ba ya buƙata, sunansa ke nan. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "To Malam, mutanen nan ba su taɓa ajiye hatsi a rumbu ba. Ni abin da suke zubarwa ɗin nan, a cikinsa nake samun labari."

A ranar ka faɗa mini abin da har yau ban daina juya shi ba. Ka ce in ka bugi bango, abu biyu ke fitowa. Na farko ƙara, wannan taka ce, kai ka buga, ko jaki ya buga zai same ta. Na biyu amo, wanda ke biyowa baya kaɗan, wannan na bangon ne, amsarsa ce. Cikakken bango amsarsa gajera ce, kamar mutumin da ya ƙoshi. Wanda aka cinye cikinsa yakan ja magana. Na yi dariya na ce wannan ai ya kamata a sa a littafi. Ban san a kaina za a yi karatun ba.

Masallacin Juma'ar garinmu ginin ƙasa ne na kakanni, da ginshiƙai huɗu a tsakiya da rufin azara. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yin gayya a yaɓe shi, a shafe shi da makuba, a gyara indararo, kai ne kuma kake gaba. A 2009 mu 'yan bokon gari, masu aiki a Funtua da Katsina da Kaduna, muka kafa ƙungiyar ci gaban Tudun Maitama, aka ba ni shugabanci. Kunya muke ji in mun kawo baƙi su ga masallacinmu ja kamar rumbu. Muka lulluɓe shi da siminti ciki da waje har saman rufi, muka buga silin ya rufe azara, muka shafa fenti fari da kore, muka rataya fankoki da lasifika. Ka ce mana ginin ƙasa yana numfashi, in aka toshe shi laima za ta kwana a ciki. Muka ce Baba zamani ya canja. Gayyar yaɓe ta mutu daga wannan shekara, muna murna mun hutar da mutane. Gaskiya masallacin ya yi kyau, har daga Musawa aka zo ɗaukar hoto, ni kuma duk wanda ya yaba sai in ji kamar ni aka yi wa fentin.

Da bazarar 2011, wata Juma'a bayan an sallame, ka miƙe a harabar masallaci ka nemi a ba ka dama. Ka ce ka kwana biyu kana bin bangon nan da sanda, kuma ba ka ji daɗin amsarsa ba. Siminti ya rabu da ƙasa, akwai rami a tsakani. Laima ta ruɓar da bakin azara a inda ta shiga bango, gara kuma ta sami hanya. Ginshiƙin da ke arewa maso gabas ya fi kowanne lalacewa. Ka roƙi a ɓalle silin a duba, a fasa simintin ko da faɗin tafin hannu ne, kafin damina, domin azumin bana a watan Agusta zai faɗo, lokacin da ruwa ya fi nauyi, masallaci kuma ya fi cika saboda tafsiri.

Mutane suka juyo suna kallona. Na dubi bangon, fari tas, ko tsaga babu. Na ji kamar a gaban kowa ka ce aikina banza ne. Maimakon in ce a duba, sai na buɗe baki na ce, "Baba Tanimu, nan ɗakin Allah ne. Duban da ake yi da sanda a bar shi can inda aka baro shi." Wasu suka yi dariya. Wasu suka sunkuyar da kai. Kowa ya gane abin da nake nufi: cewa jin nan naka tsafi ne, kuma shekara arba'in ɗin da ka yi kana sallah ba su wanke ka ba. Na san ƙarya ne a lokacin da nake faɗa, don ni ka zauna ka yi wa bayanin ƙara da amo. Ka dube ni, ka ɗauki takalmanka.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta gama gari, ta tsallaka ƙauyuka. Masu sabon gini suka daina kiran ka. Mata suka koma sayen randa da ido. Wani ya hana ka taɓa rumbunsa, ya ce shi ya dogara ga Allah. A sahu, na sha ganin mutum ya zo ya ga kai ne a gefe, ya yi kamar ya hango wani gurbi can gaba. Matarka Gwaggo Uwa ta daina zuwa gidan suna. Duk ina gani, ina cewa a raina ai ba haka na nufa ba, alhali haka na nufa.

Kowa ya zaci za ka ƙaurace wa masallacin, tunda kai ka ce zai faɗi. Amma ba haka ka yi ba. Ka bar wurin da ka saba tsayawa a bayan Liman, ka koma gindin ginshiƙin nan na arewa maso gabas, wanda ka ce ya fi kowanne ruɓewa. Kai ne farkon shiga, kai ne ƙarshen fita, sau biyar a yini. Tsakanin salloli kana zaune ka jingina ƙeyarka da shi, sanda a tsaye tsakanin kunnenka da siminti. Samari suka sa wa ginshiƙin suna amaryar Baba. Ni na ɗauka taurin kai ne, kana so ka ba ni haushi. Sai daga baya Gwaggo Uwa ta gaya mini cewa ta roƙe ka da kuka ka riƙa sallah a waje, ka ce mata, "In zai zo, gara a sami wanda zai ji tahowarsa." Wata huɗu ka yi a haka.

Ranar sha bakwai ga azumi aka wayi gari da ruwa, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. Bayan la'asar aka zauna tafsiri. Saboda ruwan, waɗanda suka saba zama a haraba duk suka cuso ciki, mata a baya an raba da labule, mun fi mutum ɗari biyu. Janareta na ruri a bakin taga, fankoki na juyawa, lasifika na amsa kuwwa, mai jan baƙi yana karatu, Liman Abdulmutallib yana fassara. In akwai ranar da kalmar nan tawa ta Turanci ta cika wuri, to ranar ce. Ko tarin na kusa da kai da ƙyar kake ji.

A tsakiyar aya ka miƙe. Ka ɗaga sanda sama, ka ce wa Liman da ƙarfi, "Malam, a gafarce ni. A fita. Yanzu." Ba a taɓa katse mai jan baƙi a garinmu ba. Wuri ya yi tsit sai janareta. Ni ne na fara magana, na ce ka zauna, ka ji tsoron Allah, Alƙur'ani ake karantawa. Ba ka ko kalle ni ba, Liman kake kallo. Shi kuma, Allah Ya saka masa da alheri, tare kuka yi karatu a zauren mahaifinsa. Ya dube ka na ɗan lokaci, ya rufe littafi, ya ce mata su fara fita, kada wanda ya yi gudu.

Muka tsaya a haraba cikin ruwa, masu azumi, tsofaffi na rawar sanyi. Minti biyar, minti goma, masallaci na tsaye fari tas yana ƙyalli. Gunaguni ya fara tashi. Wani ya ce an mayar da mu yara. Wani ya maimaita maganata ta ranar Juma'ar nan, kalma da kalma, na ji ta a bakin wani ta fi muni. Amma ban ji kunya ba, ƙarfi na ji. Na ce ni zan koma in zauna a gindin ginshiƙin, kowa ya gani. Na taka har bakin ƙofa, ƙafata ɗaya ta hau dokin ƙofa, sai na ji an tokare ni. Sandarka ce ka gitta mini a ƙirji. Tsoho ɗan shekara saba'in, amma na tura na kasa motsa ta. Ka ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Malam, dakata kaɗan. Yana magana."

Ban ji komai ba, wallahi. Sai wani ɗan ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Sannan silin ya kumbura ya sauko, ginshiƙin ya durƙusa, rufin gaba ɗaya ya bi shi da wata irin ƙara da na ji ta a cikin cikina kafin kunnena. Iskar da ta fito ta ƙofa ta watsa mu baya ni da kai. Da muka tashi, inda mutum ɗari biyu ke zaune ɗazu ya zama tudun jar laka da ɓaraguzan siminti, ruwa na sauka a kai. Aka shiga kiran sunaye. Kowa ya amsa. Ko akuya ba a rasa ba. Na ga manyan mutane sun faɗi sun yi sujada a cikin taɓo, na ga Liman ya rungume ka yana kuka, kai kuwa kana ta tambaya ko an kashe janareta kada wuta ta kama wani.

Bayan Sallah na ji Liman yana tambayar ka abin da ka ji a cikin wannan hayaniya. Amsarka ta fi faɗuwar ginin ba ni tsoro. Ka ce wata huɗu kana jin gara tana aiki a cikin ginshiƙin, wani siririn motsi kamar ana zuba gero a kan tabarma daga nesa, har ka saba da shi. A ranar, ana cikin karatu, sai ta yi shiru. Ka ce gara ba ta barin abinci haka kawai, sai in gidan ya fara matse ta. Da ka ƙara manna kunne sai ka ji azara tana tsaki ɗaya bayan ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya halicci kunne. Cikin janareta da lasifika da ruwan sama, bawan Allah ya ji shirun ƙwaro, aka tsirar da gari da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A Tudun Maitama mun ga ranar da duk masu ido suka tashi mutuwa, mai ji ya fitar da su.

Gari ya dawo maka. Aka koma kiran ka rumbu, mata suka koma jan ka kasuwa, da aka tashi sabon gini kai aka ba tubalin farko. Ba wanda ya sake ɗaga maganar da na yi, kuma wannan shirun ne ya cuce ni, don na ɓuya a cikinsa. Na aiko maka da shadda da Sallah. Na riƙa durƙusawa har ƙasa in na gaishe ka. Na ce a raina ai ka gane. Sau nawa na shirya zan miƙe ranar Juma'a, in na ga idon mutane sai in ce wani makon. Kai kuma ba ka taɓa canja mini fuska ba. Shekarar da na gina ɗakina, da kanka ka zo ba a kira ka ba, ka bi bangon da sanda, ka ce, "Wannan ya ƙoshi, Malam." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shekara biyar da suka wuce jinka ya fara tafiya, har ya tafi gaba ɗaya. Na ɗauka wannan ita ce jarrabawa mafi zafi da za a yi wa mutum irinka, amma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Cewa ka yi aro ne, Mai shi Ya karɓa. Sannan ka gano wata dabara: ka ciji kan sandar da sauran haƙoranka, ka dafa ɗaya kan a jikin abu, ka ce amo yana hawowa ta ƙashi. Da haka ka ci gaba da zaɓar wa mata randa a bakin zaurenka, ba ka jin godiyarsu, amma kana jin randar.

Ranar Asabar, kwana biyu kafin rasuwarka, na zo da yamma na same ka kai da Mahadi kuna ɓarar masara. Ban san me ya tura ni ba. Na zauna a gabanka na faɗi duk abin da na riƙe shekara goma sha uku. Kana kallon bakina kana murmushi, ba ka ji ko ɗaya ba. Mahadi ya matso zai yi maka ihu a kunne, ka ɗaga masa hannu. Ka ɗauko sandar, ka ɗora kanta a ƙirjina, daidai inda ka taɓa tokare ni, ka ciji ɗaya kan, ka yi mini alama in sake. Na sake faɗa, hawaye na zuba, kai ka lumshe ido kamar yadda kake yi wa rumbu. Da na gama ka daɗe ba ka cire ba. Sannan ka ce, "Kalmomin ban same su ba, Malam. Amma na ji inda suke fitowa, ba rami a wurin. Ni na yafe tun a bakin ƙofar masallacin nan." Ka ƙara da cewa, "Sai dai jikokina. Har yanzu in yara sun yi faɗa, akan ce musu jikokin mai duba. A masallaci aka faɗa, ka ga can ya kamata a ɗauke."

Na yi maka alkawarin Juma'a mai zuwa. Na nuna maka da yatsu, kwana shida. Ka gyaɗa kai. Litinin ta riga Juma'a zuwa.

A maƙabarta, da aka kawo itacen da za a jera a kan kabarinka, Mahadi ya karɓi sandar ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a jiki. Ya ware guda biyu ya ce a canja. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce ana ɓata lokaci. Mutum ɗari nawa ne a wurin, amma har kukan kurciya daga kan tsamiya ana ji. A cikin masu tsayuwar akwai 'yan samarin da suke goye a bayan uwayensu ranar sha bakwai ga azumin nan, akwai kuma 'yan'uwanka daga bayan rafi, sun tsaya can gefe sun cire huluna.

Na roƙi Liman, ya kuma amince, cewa gobe Juma'a bayan an sallame zan miƙe a harabar masallaci, a daidai inda na tsaya a wancan karo, in karanta wannan takarda da bakina, da lasifika, don na nesa ma su ji. Ga abin da ya rage in faɗa. Ni Almustapha, na yi wa Baba Tanimu ƙazafi. Ba duba yake yi ba, bai taɓa yi ba, kuma na san haka tun ranar da na faɗa. Girman kai ne ya sa ni, don an taɓa fentina. Kunne ne Allah Ya ba shi, da haƙurin da ba mu da shi, ya kuma zauna wata huɗu a ƙarƙashin mutuwa don mutanen da ke gudun tsayawa kusa da shi a sahu. Na shaida Musulmi ne, ya fi ni. 'Yan'uwansa da na haɗa na wulaƙanta su ma su yafe mini. Duk yaron da ya sake ce wa jikokinsa jikokin mai duba, ya je ya tambayi ubansa inda yake zaune ranar da rufi ya sauko.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Uwa, da Mahadi, da Rashida da sauran 'ya'ya da jikoki, da Liman Abdulmutallib, da danginsa na ciki da na bayan rafi, da duk mai rumbu a ƙasar nan. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Tanimu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kada ƙasa ta matse shi kamar yadda ya hana ta danne mu. Ka mayar masa da jinsa fiye da yadda yake, Ka sa abin da zai fara ji ya zama sallamar mala'ikun rahama. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ikon faɗin abin da ya wajaba tun mai saurare yana nan. Amin.